Kilomita 170 da Ba Su Taɓa Gefen Taya Ba

Da na isa wurin da ƙanena ya faɗi da babur na gan shi tsaye da ƙafafunsa, sai hankalina ya koma kan tayar baya. Babur ɗin yana jingine a bakin hanya, madubin hagu ya karye yana reto, ƙarfen giya ya lanƙwashe ya shige ciki. Na tsuguna na shafa robar. Tsakiyarta, kamar faɗin yatsu uku, ta yi dishi-dishi, tana ɗan kama fatar hannu yadda taya mai aiki take yi. Daga nan zuwa baki, hagu da dama, sumul take tana sheƙi kamar yanzu aka sauko da ita daga kanta, har 'yan gashin nan na roba suna tsaye cako-cako, ko ɗaya bai karye ba. A gefen hagu, a kan sheƙin, akwai karce guda a karkace, tsawonsa bai wuce ɗani ba.

"Yaya, wallahi na cika ƙa'ida," in ji shi, yana riƙe da kafaɗa. "Kilomita 160 ka ce. Na yi 170."

Gaskiya ya faɗa. Ni na ba shi wannan lambar, ta tafiyar da sabuwar taya za ta yi a hankali kafin a saki jiki da ita, kuma ban ƙara masa komai a kanta ba. Shi ya sa na ɗauki kwanaki ina bin lamarin daki-daki, don in gane inda maganata ta gaza.

Abin da ya faru

Shekara uku ke nan yana hawan babur kullum, zuwa aiki da dawowa. Ba shi da ganganci. Hular kwano ba ta barin kansa, kuma ko ana zafi sai ya sa safar hannu da jaket mai kauri. Babur ɗin matsakaici ne, injinsa cc 300, tayar gaba 110/70-17, ta baya 140/70-17. Tayar bayan da ta zo da shi ta haura kilomita 14,000, ta suɗe a tsakiya har ta yi daidai da 'yan tudun nan da ake sakawa a cikin ramin zane don su nuna cewa taya ta ƙare, waɗanda ake yi wa alamar TWI a gefe.

Ranar Asabar da rana ya kai aka sa masa sabuwa. Ta baya kawai ya canza, don ta gaba tana da sauran zane. Washegari ya shirya tafiya musamman don ya cika lissafi: babbar hanya, miƙaƙƙiya sambal, kilomita 85 zuwa, 85 dawowa, bai wuce gudun 80 ba. Ya dawo ya duba mita, ya ce shi ke nan, taya ta zauna.

Litinin da sassafe, da ɗan sanyi-sanyi, ya fito zai tafi aiki. Shataletale na farko bai kai kilomita ɗaya daga gida ba, kuma ya bi shi sau ɗaruruwa. Ya shiga yadda ya saba, ya kwantar da babur hagu, da ya hango mafita ya murɗa totur. Baya ta tafi. Ya ce bai ji wani gargaɗi ba, kawai ya ga kwalta ta taso masa. Babur ya kwanta ya yi gaba yana tartsatsi, shi kuma ya bi shi a kan kwankwaso. Ya kuje a gwiwa, kafaɗa ta bugu, safar hannun hagu ta yage amma fatar tafin ba ta taɓu ba. Mai motar da ke bayansa ya ba da tazara, ya samu ya tsaya.

A faɗuwar kwana, wannan ita ce mai sauƙin. Taya ta zame ta ci gaba da zamewa, mutum ya faɗi ta ɓangaren da ya riga ya kwanta, kusa da ƙasa. Mai munin ita ce taya ta zame, mahayi ya firgita ya saki totur gaba ɗaya, taya ta sake cafkar kwalta farat ɗaya, babur ya miƙe da ƙarfi ya cilla shi sama ta ɗaya ɓangaren. A irin wannan ake karya ƙashin wuya da haƙarƙari. Allah ya taƙaita, tasa ba ta kai nan ba.

Kafin mu bar wurin na taka zuwa inda ya zame. Shataletale matattarar man dizal ce, don manyan motoci in sun cika tanki suna zubar da shi a kwana, ga yashi da yake taruwa a baki. Na duba, na goga takalmi. Kwalta busasshiya ce, babu mai, babu yashi, babu fentin layi a inda tayar ta bi. Na duba kibiyar da ke gefen taya mai nuna inda za ta riƙa juyawa: daidai aka ɗaura ta. Na bi siririn layin da ke zagaye da taya kusa da bakin rim, na ga tazararsa ɗaya ce ko'ina, wato ta zauna a mazauninta. Notin gindi a ɗaure yake tam. Saboda haka ba hanya ba ce, ba kuma ɗauri ba ne ta wannan fuskar.

Sheƙin

Ana gasa taya ne. Ana sa ɗanyar roba da aka cuɗa da farar wuta da wasu sinadarai a cikin mazubin ƙarfe, a matse ta da zafin da ya haura digiri 150, ta fito da siffarta da zanenta. Dabarar gasa roba da farar wuta tsohuwa ce, tun 1844 Charles Goodyear ya yi mata rajista a Amurka. Cikin mazubin a goge yake ƙal, don haka fuskar taya take fitowa sumul. 'Yan gashin nan kuwa robar da ta bi ƙananan ramukan fitar iska ce. Ba su da wani aiki, sai dai ga mai dubawa suna da amfani ɗaya: inda ka gan su tsaye, wurin bai taɓa ƙasa ba.

Mahaya da yawa za su ce maka man da ake fesa wa mazubi don kada taya ta manne shi ne yake kawo santsi. A da haka ne sosai. Yanzu manyan kamfanoni da dama suna cewa sun daina sa shi a fuskar da ke taka ƙasa, har kamfanin Continental yana da wani salo da ya kira TractionSkin, inda taya take fitowa da ɗan kaushi tun daga mazubi. Amma ko babu man, santsin fuskar yana nan. Akwai kuma wani abu mai kama da kakin zuma da ake cuɗawa a cikin robar don ya hana ta tsattsagewa, wanda yake tsattsafowa sama a hankali in taya ta daɗe a ajiye. Na duba lambobi huɗun ƙarshe na jerin da ya fara da haruffan DOT a gefen tayar ƙanena, waɗanda suke nuna lokacin da aka ƙera ta: 1422. Mako na 14 na shekarar 2022 ke nan, wato ta haura shekara biyu a ajiye kafin ya saya. Wannan bai sa ta lalace ba, taya mai shekara biyu da aka adana a inuwa lafiyarta ƙalau. Sai dai abin da zai tsattsafo ya samu lokacin tsattsafowa.

Roba tana riƙe kwalta ta hanya biyu. Tana ɗan mannewa da ita, sannan tana nutsewa cikin ƙananan ramuka da tsakuwoyin da ke fuskarta, ta rungume su. Fuskar da ke da santsi da kaki ba ta yin na farkon sosai, robar da ta yi sanyi ta ƙandare ba ta yin na biyun. Abin da ke cire wannan fatar ta sama shi ne gogayya da kwalta, kuma gogayya ba ta faruwa sai a inda ya taɓa ƙasa.

A nan lissafina ya karye. Kamfanin Dunlop yana cewa a yi kusan mil 100, wato kilomita 160, ba tare da cika wuta ko kwantarwa farat ɗaya ko shan kwana da ƙarfi ba. Wasu kamfanonin suna cewa kilomita 100, wasu har 200. Duk suna ɗauka cewa a cikin wannan tafiyar akwai kwanoni, kuma mahayi zai riƙa ƙara kwanciya kaɗan-kaɗan. Tayar mota shimfiɗaɗɗiya ce, duk faɗinta yana ƙasa ko da yaushe, in ta yi kilomita 160 ko'ina ya yi 160. Tayar babur kuwa zagayayya ce kamar bayan ƙwarya. In kana tafe a miƙe, tsakiya ce kaɗai take aiki, kuma abin da ke taɓa ƙasa bai fi tafin hannu ba. Ƙanena ya ba tsakiyar tayarsa kilomita 170. Gefenta bai samu ko mita ɗari ba. Ranar Litinin, a tsakiyar shataletale, ya ɗora nauyinsa da na babur da ƙarfin inji a kan robar da ranar ce ta fara ganin kwalta.

Akwai lissafi mai sauƙi da yake nuna yadda abin yake saurin tsananta. A kwanar da tazararta daga tsakiyar da'ira ta kai mita 20, mai gudun kilomita 30 a awa zai kwanta kusan digiri 20. Mai gudun 40 zai kwanta kusan digiri 32. Ƙarin goma kacal a mita, amma riƙon da ake nema daga taya ya kusa ninkawa, domin buƙatar tana hawa ne da gudu sau gudu. Digiri 20 yana iya tsayawa a bakin inda ya goge. Digiri 32 ya fita can cikin sheƙi. Sannan riƙon taya kamar kuɗin aljihu ne, guda ɗaya ne: abin da kwana ta ci, totur ba zai same shi ba. Shi kuwa ya nemi duka biyun a lokaci ɗaya.

Iskar

Da muka kai babur gida muka bar shi ya huce, na sa gejina a tayar baya. Ya nuna 42 a ma'aunin iska na PSI. Na cire na sake sawa, 42. Takardar da kamfani ya manna a ƙarfen da ke riƙe da tayar baya ta ce 29 a gaba, 33 a baya.

Na koma wurin wanda ya ɗaura tayar, ba da faɗa ba.

"Malam, nawa ka sa wa tayar nan?"

"Abin da aka rubuta a jikinta, Yallaɓai. Ga shi nan, duba."

Ya nuna mini rubutun da yatsa, kuma lallai 42 ɗin tana nan. Amma abin da rubutun yake cewa shi ne iyakar nauyin da tayar za ta ɗauka, kilo 300, a iyakar iskar da aka yarda a sa mata. Kamfanin taya bai san a wane babur za a ɗaura ta ba. Wanda ya ƙera babur shi ya san nauyinsa, shi ne kuma yake faɗin iskar da za a hau da ita. Akwai wani dalilin kuma da yake sa sabuwar taya ta fito daga wurin ɗauri da iska fiye da kima: sai an bunƙasa ta sosai kafin bakinta ya yi tsalle ya zauna a rim, ka ji ƙarar nan fau, fau. Bayan nan ya kamata a sauke iskar zuwa ƙa'ida. In aiki ya yi yawa, ana mantawa.

Ban ga laifinsa shi kaɗai ba. Ya yi kuskure, amma mai babur ne zai hau, kuma geji ɗan ƙaramin abu ne da yake shiga aljihu. Ƙanena ya yi kwana biyu a kan tayar bai auna ba, ni kuma ban ce masa ya auna ba.

Abin da ƙarin iska yake yi abu biyu ne, kuma duka sun haɗu a kansa. Taya ta yi tauri, wurin da take taɓa ƙasa ya ƙanƙance. Sannan ba ta lanƙwasuwa yadda ya kamata, alhali lanƙwasuwar nan, tana matsewa tana sakewa a kowane juyi, ita ce take ɗumama roba daga ciki. Taya mai iska 42 a safiya mai sanyi, bayan tafiyar da ba ta kai kilomita ɗaya ba, sanyinta ɗaya da wadda ta kwana a waje ba a taɓa ta ba. Wannan ma ya bayyana mini abin da ya sa inda ya goge a tsakiya ya yi siriri haka. Da iskar daidai take, da tafiyar Lahadi ta goge masa wuri mai ɗan faɗi.

Hannun da ya saba da tsohuwa

Wannan ɓangaren shi ne wanda ban taɓa ba shi muhimmanci ba sai da na sa tsohuwar tayar kusa da sabuwar. Mai ɗaurin bai yar da ita ba, na karɓo ta. In ka dube ta daga baya, tsakiyarta ta baje kamar an yanke da wuƙa, ta yi kafaɗu biyu. Haka tayar mai zuwa aiki take ƙarewa, don yawancin tafiyarsa a miƙe ce. Irin wannan taya tana ƙin kwanciya. Sai ka tura kan babur da ɗan ƙarfi kafin ta hau kafaɗar, kuma da yake a hankali ta baje, cikin watanni, mahayi ba ya sanin cewa ƙarfin da yake sawa yana ƙaruwa. Hannunsa ne kawai ya sani.

Sai a wayi gari an sa masa zagayayya, wadda da an taɓa ta take kwanciya. Hannu ya tura da ƙarfin jiya. Babur ya faɗa kwana da sauri, ya kuma wuce inda aka nufa.

Na tambaye shi ko ya ji wani bambanci ranar Asabar da ya baro wurin ɗauri.

"Na ji kamar babur ɗin ya yi sauƙi, Yaya. Kamar yana son ya juya da kansa. Na ɗauka daɗin sabuwar taya ne."

Daɗin ne, amma gargaɗi ne kuma. Rabin dalilin da ya sa kamfanoni suke cewa a bi a hankali shi ne mahayi ya sake koyon babur ɗinsa. A wurinsa abin ya ƙara rikicewa da yake ta gaba tsohuwa ce, ita ma ta ɗan ci, ta baya kuma sabuwa fil, ga shi ba samfuri ɗaya ba ne. Gaba tana faɗin abu ɗaya, baya tana faɗin wani. Ba haramun ba ne a canza ɗaya a bar ɗaya, kusan kowa yana yi, don ta baya takan riga ta gaba ƙarewa. Sai dai wanda ya yi haka ya san cewa babur ɗin da ya hau ba wanda ya sani ba ne.

In an tambaye ni wanne ne ya kayar da shi a cikin huɗun nan, sheƙi, iska, sanyi, ko hannu, ba zan ware ɗaya ba. Ina jin da iskar daidai take, ko da kwanar ta zo bayan tafiyar minti ashirin, da wataƙila baya ta ɗan yi wutsil-wutsil ta kama, ya tsorata ya wuce. Amma wanda ya fi ba ni haushi shi ne na farkon, don shi ne wanda ido yake gani. Da ya tsuguna ranar Lahadi da yamma ya dubi tayar maimakon mita, da ya ga amsar.

Shawarwarin da suka biyo baya

Da labari ya bazu, masu ba da magani suka yi yawa. Wani ya ce a goge sabuwar taya da samfefa. Ba ta cika yin illa ba in an yi sama-sama, amma aikin da mutum zai yi awa guda yana yi da hannu, kwalta za ta yi shi a 'yan kwanoni, kuma samfefa ba ta koya wa hannu komai. Haɗarinta shi ne mutum ya ga sheƙi ya tafi ya ɗauka an gama. Wani ya ce a wanke ta da fetur. Wannan kam a'a: fetur da danginsa suna cin roba, suna busar da ita. In akwai abin wankewa, kamar sabulun da aka shafa wajen ɗauri ko danƙon takardar da aka manna a kan zane, ruwa da ɗan sabulu sun isa, a ɗauraye sosai. Man sheƙin taya da masu wankin mota suke shafawa kuwa kada ya kusanci tayar babur, sabuwa ko tsohuwa, don yana gangarowa daga gefe zuwa inda ake takawa.

Wanda ya fi yawan magoya baya shi ne a riƙa karkaɗa babur hagu da dama a kan hanya, wai yana ɗumama taya, don an ga masu tsere suna yi. Masu tsere suna naɗe tayoyinsu da bargon lantarki ne, su ɗumama su zuwa wajen digiri 80 kafin su fito. Karkaɗawa ba ta kawo zafin kirki. Abin da yake ɗumama taya shi ne a ja wuta a taka birki, babur yana tsaye a miƙe, don shi ne yake matsa jikinta. Mai karkaɗa sabuwar taya mai sanyi yana jefa ta ne cikin sheƙi farat ɗaya, abin da ake gudu ke nan tun farko.

Wani kuma ya ce ai da babur ɗin yana da ABS da bai faɗi ba. Yana da shi. ABS yana hana taya kullewa ne in an taka birki, shi kuwa ko birki bai taɓa ba.

Yadda muka sake yi

Bayan kwana goma kafaɗa ta saki, an miƙe ƙarfen giya, an sa madubi. Muka fara da safe kafin a tayar da inji: 29 a gaba, 33 a baya, a sanyi. Iska takan hau da kamar 2 zuwa 4 in taya ta yi zafi, shi ya sa awon da aka yi bayan tafiya ba abin dogaro ba ne, kuma ba a rage iskar taya mai zafi don a dawo da ita lambar takarda. Na duba sakin sarƙa da daidaiton tayar baya, tunda duk wanda ya cire taya ya taɓa su. Na sa ya matsa birki sau da yawa kafin ya motsa, na goge faifan birki, don hannun mai ɗauri ba ya rasa maiƙo. Na ɗiga ɗan fenti a gefen taya daidai da bawul, saboda sabulun ɗauri yakan sa taya ta ɗan zame a kan rim in an ja wuta da ƙarfi a kwanakin farko, kuma ɗigon zai nuna in ta motsa.

Sai na ɗauko alli na ja layi uku a kan zanen, daga baki zuwa baki.

Ya yi minti ashirin a hanya mai sauƙi, yana ja yana birki a miƙe, ba da ƙarfi ba, ina biye da shi. Da muka tsaya na sa ya taɓa tayar. Da ɗumi, kamar bayan hannun mai zazzaɓi. Daga nan muka shiga wani fili mai kwalta da babu motoci, muka share yashin da ke ciki. Na ce ya yi da'ira mai faɗi, a giya ta biyu, totur a tsaye cak, ba ƙari ba ragi, ba birki. Zagaye biyar hagu, biyar dama, ya tsaya mu duba alli.

A zagayen farko jikinsa a sandare yake, musamman in ya juya hagu. Kafaɗunsa sun hau har kunne, idonsa yana kan ƙasa dab da tayar gaba, wurin da ya faɗi yake nema. Na ce ya ɗaga kai ya dubi inda zai je. Allin ya goge a tsakiya da ɗan abin da bai kai faɗin yatsa ba a kowane gefe. Na sake ja. Ya sake zagayawa, da'irar ta ɗan matse kaɗan.

Dabarar duka ita ce kowane ƙarin kwanciya ya zama ƙarami, yadda mafi yawan abin da ke taɓa ƙasa robar da ta riga ta goge ce, sabuwar kuma 'yar kaɗan ce a baki. Haka gogaggen wuri yake riƙe da kai yayin da sabon yake gogewa. Wanda ya tsallake daga digiri 15 zuwa 30 a kwana ɗaya ya bar gogaggen wurin gaba ɗaya, ya koma kan sheƙi zalla. Bayan kusan rabin awa muka koma siffar 8, don ya saba da yadda zagayayyar taya take wucewa daga gefe zuwa gefe ba tare da kafaɗar da ya saba jira ba. A nan ne na ga hannunsa ya fara sassautawa. Ya daina tura babur, ya fara barinsa ya kwanta.

Fili ba ya gama aikin, don a ƙaramin gudu nauyin da ke kan taya kaɗan ne. Kwana uku ya bi wata hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe da rana, lokacin da kwalta ta yi ɗumi, shi kaɗai ba goyo. Ya gama birki kafin kwana, ya shiga da gudun da ya san ya yi masa kaɗan, ba ya ƙara wuta sai babur ya fara miƙewa. Ranar da aka yi yayyafi na ce ya ajiye shi, don sabuwar roba da jiƙaƙƙiyar kwalta ba su da amana, balle a kan fentin layi ko murfin ƙarfe. Kowace yamma sai ya turo mini hoton tayar. Gefen hagu ya riga na dama gogewa, abin da bai ba ni mamaki ba: inda ake tuƙi a hannun dama, shataletale hagu yake kwantar da kai, kwanar hagu kuma ta fi tsawo. Sai ya riƙa neman kwanonin dama da gangan.

A rana ta huɗu muka bar babur ya huce awa uku, kamar yadda Dunlop yake cewa a yi bayan wannan zagayen, muka sake aunawa. Baya ta sauka zuwa 32, muka cika. Ɗigon fenti yana nan daidai da bawul. Fuskar tayar ta yi dishi-dishi daga tsakiya har kusan baki, da ɗan kaushi kamar fatar lemo, gashin duk sun kakkarye. Karcen faɗuwar ma ya shafe, sai ka san inda yake za ka gane shi. A mita, duka-duka kilomita 120 ya ƙara.

Saura wani siririn layi a kowane baki, faɗinsa kamar ƙaramin yatsa, yana nan yana sheƙi. Ya sa farce yana kankararsa.

"Yaya, wannan fa? In koma filin in ƙarasa shi?"

Na ce a'a. Kafin ya kai nan a kan titi sai matakin ƙafarsa ya kusa taɓa ƙasa, kuma babu abin da zai kai shi can a hanyar zuwa aiki. Ya dube shi ya ɗan yi shiru, ya miƙe ya karkaɗe gwiwa, ya sa ragowar allin a aljihun jaket tare da gejin da na ba shi, don ta gaba ma ta kusa canji.